Yadda ake tara littattafan tsoffin finafinan Faransa masu sa hannun marubutansu

Kafin ka fitar da ko Yuro ɗaya a wannan harka, samu takarda ka ja layi uku: sunan marubuci, lokacin da ya rasu, da shekarar da kowane bugu na littafinsa ya fito. Jabu da yawa a nan suke tonuwa, tun ba a kai ga duba tawada ba.

Ɗauki André Bazin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa mujallar sharhin finafinai Cahiers du cinéma a watan Afrilun 1951. Ya rasu ranar 11 ga Nuwamban 1958. Babban littafinsa, Qu'est-ce que le cinéma ?, kamfanin Éditions du Cerf ya fitar da shi juzu'i huɗu daga 1958 zuwa 1962. Ke nan juzu'in da ya fito a 1959 ko 1961 ko 1962 bai taɓa shiga hannun Bazin ba, balle dunƙulallen bugun 1975. Haka littafinsa a kan Jean Renoir, wanda daraktan fim François Truffaut ya tattara aka buga a 1971. Mai neman hannun Bazin na gaskiya sai ya koma kan abin da ya fito yana raye, kamar ɗan littafinsa a kan Orson Welles na 1950, wanda marubuci kuma darakta Jean Cocteau ya yi wa gabatarwa.

Littafin hirar Truffaut da darakta Alfred Hitchcock ya fi kowanne ruɗa sababbin shiga, saboda an sha sake buga shi. An yi hirar a watan Agustan 1962, Robert Laffont ya fitar da bugun farko a 1966 da sunan Le Cinéma selon Hitchcock, fassarar Ingilishi ta biyo baya a 1967. Hitchcock ya rasu a 1980. Truffaut ya faɗaɗa littafin, kamfanin Ramsay ya buga a 1983, shi kuma ya rasu ranar 21 ga Oktoban 1984. Daga nan lissafin a fili yake. Bugun 1966 zai iya ɗaukar hannun su biyun. Na 1983 hannun Truffaut kaɗai zai iya ɗauka, shi ma a cikin ɗan gajeren lokaci da yake fama da rashin lafiya. Bugun Gallimard na 1993 kuwa ba mai sa masa hannu a cikinsu. Le Plaisir des yeux na 1987 da kundin wasiƙunsa na 1988 su ma bayan rasuwarsa suka fito.

Zaɓi layi ɗaya ka tsaya a kai

Fagen yana da faɗi, aljihu kuma yana da iyaka. Wanda ya ce zai sayi duk abin da ya gani mai sa hannu, ƙarshenta zai tara kaya barkatai da bai san ko ɗaya sosai ba, irinsa kuma masu jabu ke nema.

Zamanin fim marar sauti shi ne mafi wuya: Cinéma et Cie na Louis Delluc, wanda Grasset ya buga a 1919, da Photogénie nasa na 1920, da Bonjour Cinéma na Jean Epstein daga Éditions de la Sirène a 1921, da Prisme na Abel Gance daga Gallimard a 1930. Delluc ya rasu a 1924 yana ɗan shekara talatin da uku, don haka rubutun hannunsa kaɗan ne a duniya. Wannan ba wurin farawa ba ne.

Tsofaffin daraktocin da suka yi tsawon rai sun fi sauƙin samu. René Clair ya fitar da Réflexion faite a 1951, ya rayu har 1981. Jean Renoir ya fitar da Ma vie et mes films a kamfanin Flammarion a 1974, ya rasu a 1979. Marcel Carné yana da La Vie à belles dents na 1975, ya kai 1996. Sai Notes sur le cinématographe na Robert Bresson, Gallimard 1975, ɗan siririn littafi da masu tarawa ke rububi.

Sannan ga 'yan Nouvelle Vague, sabon salon fim da matasan daraktocin Faransa suka zo da shi a ƙarshen shekarun 1950: littafin Éric Rohmer da Claude Chabrol a kan Hitchcock na 1957, Les Films de ma vie na Truffaut na 1975, Varda par Agnès na 1994, Histoire(s) du cinéma na Jean-Luc Godard na 1998. A nan masu saye suka fi yawa, don haka a nan jabu ya fi yawa.

Akwai layin da ya shafi yankinmu kai tsaye, ba a kuma cika cunkoso a kansa ba. Jean Rouch ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniya, ya ɗauki finafinai da yawa a can, ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai. Fim ɗinsa Moi, un Noir, wanda ɗan Nijar Oumarou Ganda ya fito a ciki, ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958. Littattafansa irin su Le Niger en pirogue na 1954 da La Religion et la magie songhay na 1960 za su iya ɓullowa daga ɗakin karatun wani tsohon malami ko ma'aikaci a Nijar, da rubutunsa a ciki. Sai dai in ka ga hatimin makaranta ko cibiyar bincike a jiki, ba kuma hatimin da ya nuna an cire shi daga rajista, to bar shi, mai yiwuwa kayan hukuma ne aka sulale da shi.

Fara da littafin, sannan sa hannun

Littafin Faransa ba ya cika rubuta "bugun farko" a jikinsa. Buɗe shafin ƙarshe, za ka ga 'yan layuka da suka fara da achevé d'imprimer, inda maɗaba'a take faɗin wata da shekarar da ta gama aikin, wani lokaci har da rana. Kusa da shi akwai dépôt légal, lokacin da aka miƙa wa hukuma kwafinta, galibi da rubu'in shekara. Shekarar da ke shafin haƙƙin mallaka ba ta canzawa ko an sake bugawa sau goma, amma achevé d'imprimer yana canzawa. Da shi za ka yi aiki. Kwatanta abin da ka gani da bayanin littafin a kundin babban ɗakin karatun ƙasar Faransa, BnF, wanda ake dubawa kyauta a intanet: yawan shafuka, girma da santimita, sunan kamfani.

Wani abu da ke tsorata mutane a banza shi ne ganin "8e édition" ko "12e édition" a bangon tsofaffin littattafan Gallimard da Grasset. Sau da yawa dabarar talla ce, bugu ɗaya ake rarrabawa a saka wa kowane kashi lamba don a ce littafin yana tafiya. In ranar maɗaba'a ta yi daidai da ta bugun farko, to bugun farko ne, sai dai kuɗinsa bai kai na wanda ba shi da wannan lamba ba.

Wasu ƙananan alamu suna taimakawa. Farashin da aka rubuta da NF, wato sabon faran, a bango na tsakanin 1960 da 1962 ne, lokacin da aka sauya kuɗin Faransa. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, ba ta shiga littattafan Faransa ba sai a shekarun 1970, layukan da na'urar kanti ke karantawa kuma sun zo bayan haka. Littafin da aka ce maka na 1966 ne, ga ISBN a bayansa, maganar ta ƙare.

Duba bayan shafin suna ko akwai bayanin kwafin musamman. Kamfanonin Faransa sukan ware 'yan kwafi su buga a takarda mai tsada, su saka musu lamba ɗaya bayan ɗaya. Dillalai suna kiransu grand papier, za ka kuma ga sunayen takardar kamar hollande, vélin pur fil ko alfa. Littattafan marubuta irin su Cocteau sukan samu wannan gata. Littattafan fim masu hotuna da yawa kuwa galibi ba a yi musu ba, to kada a sayar maka da abin da babu shi.

Alamar da ta fi amfani ga mai neman sa hannu ita ce S.P., wato service de presse. Waɗannan kwafin ne kamfani ke warewa don aika wa 'yan jarida da abokan marubuci. Wani kamfani yana buga haruffan biyu a bango, wani yana huda su da ƙananan ramuka a bangon baya da shafukan ƙarshe. Al'adar ita ce marubucin ya zo ofishin kamfani ya zauna gaban tulin littattafai yana rubuta wa kowa nasa. Saboda haka rubutun kyauta a kan kwafin S.P. abu ne da ya zauna a muhallinsa. In har ɗan fallen tallan da ake sakawa a ciki, prière d'insérer, yana nan, da jan ɗamarar takarda da ake naɗa wa bango, kada ka jefar da ko ɗaya.

Wa aka rubuta wa?

A kundin dillalai za ka riƙa ganin E.A.S., envoi autographe signé, ma'ana marubucin ya rubuta wa wani takamaiman mutum 'yan kalmomi ya sa hannu. Yawanci a fallen da ke gaban shafin suna ake yi, wanda ke ɗauke da sunan littafin kaɗai. Wasu sababbin masu saye sun fi son sa hannu tsura, wai sunan wani yana ɓata littafi. A kasuwar Faransa akasin haka ne, kuma su ke da gaskiya. Sa hannu tsura kalma biyu ce da mai jabu zai iya koya a yini ɗaya. Layi huɗu na rubutu, da suna, da kwanan wata, da wata magana da ta shafi su biyun, wannan yana ba ka abin bincike, shi kuma yana ba shi wuraren da zai yi tuntuɓe.

Darajar tana hawa ne gwargwadon alaƙa. Wanda aka sa wa hannu a layin taron sayar da littafi yana ƙasa. Na ɗan jarida mai "hommage de l'auteur", gaisuwar da ake yi wa kowa, ya ɗan fi shi. Na ɗan wasan da ya fito a fim ɗin, ko mai ɗaukar hoto, ko wani darakta, shi ne a sama. To bincika sunan. Mutumin yana raye a ranar da aka rubuta? Suna shiri a lokacin? Misali, Truffaut da Godard sun ɓata a 1973 ba su kuma shirya ba, don haka rubutun soyayya daga ɗaya zuwa ɗayan a littafin 1975 yana buƙatar hujja mai ƙarfin gaske.

Za ka ci karo da kwafin da aka yanke sunan wanda aka ba, ko aka kankare. 'Yan jarida ne ko magadansu suke yin haka kafin su sayar, don kada a gane. Rubutun na gaskiya ne, amma farashin ya kamata ya sauka sosai. Haka katin da aka sa wa hannu daban aka liƙa a littafi: wannan littafi ne da kati, marubucin bai taɓa riƙe shi ba.

Duba tawada

Kayan aikin ba su da tsada: gilashin ƙara girma mai ninki 10, ƙaramar tocila, da fitilar UV irin ta duba kuɗin jabu. Amma kafin su, tara hotunan rubutun mutumin na gaskiya, aƙalla goma, daga kundin manyan gidajen gwanjo, kuma na shekarun da suke kusa da na littafinka. Hannun ɗan shekara talatin da na ɗan tamanin ba ɗaya ba ne. Takardun Truffaut suna ajiye a Cinémathèque française, gidan adana kayan tarihin fim da ke titin Bercy a Faris, ga wanda ya samu zuwa.

Kwantar da tocila a gefen shafin, haske ya bi fuskar takarda a kwance. Biro yana barin kwari, ka kuma iya jin tudunsa da yatsa a bayan fallen. Sa hannun da aka buga da inji ko hatimi a shafe yake, ba kwari, a ƙarƙashin gilashi kuma wani lokaci ɗige-ɗige ne. Bi layin daga farko zuwa ƙarshe. Mai rubuta sunansa yana gudu, layin yana sirancewa inda alƙalami ya tashi. Mai kwaikwayo yana tafiya a hankali, layinsa kauri ɗaya, da ɗan rawa, da tsayawa a tsakiyar harafi, farko da ƙarshe a dunƙule. Nemi ragowar fensir a ƙarƙashin tawada.

Alƙalamin ma yana da shekaru. Biro bai yaɗu a Faransa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sanannen biron nan Bic Cristal kuma a ƙarshen 1950 ya fito. Rubutun Delluc da biro ba zai yiwu ba. Rubutun Epstein mai kwanan watan 1921 da biro shi ma haka. Tawadar ruwa da aka zuba kwanan nan a tsohuwar takarda takan bazu gefe-gefe kamar gashi, saboda takardar ta riga ta saki. Tsohuwar tawada kuwa sau da yawa ta bar inuwarta a shafin da ke fuskantarta.

Fitilar UV aikinta kama fallen da aka sauya. Daga shekarun 1950 aka fara zuba wa takarda sinadarin ƙara fari, wanda ke ƙyalli shuɗi a ƙarƙashin fitilar. In duk littafin 1946 ya yi duhu, fallen sa hannu kaɗai ke ƙyalli, to daga baya aka shigo da shi. Buɗe littafin a hankali ka leƙa gindin fallen ko akwai gam, ka ga ko tsawonsa ya yi daidai da na 'yan uwansa.

A yi hattara ta musamman da Cocteau. Yakan ƙawata rubutunsa da zanen fuska ta gefe da ɗan tauraro, zanen kuma yana da sauƙin kwaikwayo ga mai hannu. Littafinsa na yadda aka ɗauki La Belle et la Bête, na kamfanin J. B. Janin mai shekarar 1946, da Entretiens autour du cinématographe na 1951, kada ka saye su da zane sai daga hannun wanda zai karɓi kayansa in magana ta tashi. Zanen fuskar da Hitchcock ke yi wa kansa ma haka yake.

Inda ake saye

Mafi kwanciyar hankali shi ne dillalin da ke cikin SLAM, ƙungiyar masu sayar da tsofaffin littattafai ta Faransa da aka kafa a 1914. Sun fi tsada, amma suna tsayawa a kan bayanin da suka rubuta. Shafin viaLibri yana tattaro kayan dillalai da yawa wuri ɗaya, Livre Rare Book kuma na dillalan Faransa ne. A eBay akwai na kirki akwai na banza, ba wurin mai koyo ba ne. Wanda ya je Faris, kasuwar littattafai ta Georges Brassens tana ci Asabar da Lahadi, akwai kuma masu akwatunan bakin kogin Seine. A irin waɗannan wurare ido ne kawai garantinka.

Takardar da ake kira shaidar inganci, wadda mai kaya ya buga da kansa, ba ta da wani nauyi. Rasit nake ba ka shawarar ka nema, mai ɗauke da sunan littafi, shekara, da cewa rubutun na wane ne. Dokar Faransa ta 3 ga Maris 1981 ta wajabta wa mai sayar da irin waɗannan kaya ba da wannan bayani a rubuce in mai saye ya nema. Karanta kalmomin da kyau, domin attribué à nufinsa ana zato ne kawai.

A gwanjon Hôtel Drouot da sauran gidaje, farashin da aka buga guduma a kai ba shi za ka biya ba. Ana ɗora la'ada, galibi tsakanin kashi 25 da 30 cikin ɗari, shafin da ka bi ta kansa a intanet ma yakan ƙara nasa. Yi lissafi daga ƙarshe. A ce Yuro 500 ne iyakarka, kuɗin aikowa 60, la'ada kashi 28: ka raba 440 da 1.28, ya ba ka kusan 343. To a 340 za ka tsaya, ko da zuciya na cewa ƙara ɗaya. Kwana biyu ko uku kafin ranar, nemi hotunan bango, gadon baya, fallen rubutu gaba da baya, da shafin maɗaba'a. 'Yancin mayar da kaya cikin kwana 14 da ake da shi a cinikin nesa bai shafi gwanjon jama'a ba, amma ana iya kama gidan gwanjo da ƙwararrensa da alhakin bayanin da suka bayar har shekara biyar.

A bayanin kaya, broché littafi ne mai bangon takarda yadda ya fito, rousseurs ɗige-ɗigen tsatsa ne a takarda, non coupé kuma shafukan ba a tsaga su ba. In ka samu irin wannan, bar shi a haka, ka sayi bugun araha don karatu. Wanda aka sake wa bango, tabbatar an rubuta cewa bangon asali da gadon baya suna ciki. Kada kuma ka shiga harkar da niyyar zuba jari. Kamfanin Aristophil ya tara kuɗin dubban mutane da alkawarin riba a kan rubuce-rubucen hannu, ya rushe a 2015, da aka fara gwanjon kayan a 2017 kuma da yawa ba su kai kuɗin da aka saye su ba.

Aikowa da ajiya

Ka ce a naɗe littafin da takarda, a saka a leda, a matse tsakanin kwali biyu masu ƙarfi, sannan a saka a akwatin kwali, ba ambulan ba. Yi amfani da kamfanin aike mai lambar bibiya da inshora, a rubuta darajar gaskiya a takardar kwastan, don in ya ɓata abin da aka rubuta za a biya. Rasit ya kasance a waje, yadda jami'i zai gani ba sai ya farke komai da reza ba.

Takardar littattafan Faransa na shekarun 1940 da farkon 1950 marar kyau ce, tana yin ja tana karyewa. Abin da take so shi ne sanyi kamar digiri 18 zuwa 20 da danshi kashi 45 zuwa 55, yanayin da Kano ko Maraɗi ba sa bayarwa. Hunturu yana busar da gam har gadon baya ya tsage, damina kuma in danshi ya wuce kashi 65 fumfuna ta kama. Abin da za ka iya shi ne rage saurin sauyin. Saka kowane littafi a akwatin kwali marar asid daidai girmansa, akwatunan a kabad ɗin ƙarfe, a ɗakin tsakiyar gida, nesa da bangon da rana ke duka, sama da ƙasa da aƙalla santimita 15 saboda gara da ruwa. Ajiye ƙaramin ma'aunin danshi a ciki. Da damina saka ƙunshin silika mai shanye danshi, ka riƙa busar da shi kana mayarwa, da hunturu ka cire. Manyan littattafai masu nauyi irin na Hitchcock a kwance ake ajiye su.

Salatif, gam na kanti, roba mai ɗaure kuɗi, da liƙe takarda cikin leda da zafi, duk suna kashe littafi, ba a kuma gyara ɓarnarsu. Kada ka bar fallen sa hannu a buɗe don ado, tawadar alƙalamin maka (marker) tana koɗewa da haske cikin 'yan shekaru. In ka ga garin takarda ko ƙananan ramukan ƙwaro a sabon littafi, kulle shi a leda biyu, ka matse iskar, ka saka a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda ba tare da wuta ta yanke ba, sannan ka bar shi kwana ɗaya a ledar kafin ka buɗe, don raɓa ta sauka a kan leda maimakon takarda. Rasit, hoton tallan da ka saya a kai, da lambar kayan a gwanjo, saka su a ambulan daban mai lamba ɗaya da ta akwatin littafin, kada a cusa su tsakanin shafuka.